Idan teku tana cikowa tana janyewa, me ya hana ta komawa da robar da ta kawo gaɓa?

Malam Habu, unguwar Birni, Damagaram

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata kwaleji a nan Damagaram, kuma a makon jiya, muna cikin darasin tekuna, na nuna wa ɗalibaina wani hoto na bakin teku a birnin Akara, inda yashi ba ya ko ganuwa saboda gorunan roba da ledojin ruwa da tsofaffin silifas da suka lulluɓe shi. Na yi musu bayanin da ke cikin littafi, cewa teku tana cikowa ta hau gaɓa sannan ta janye, kusan sau biyu tsakanin dare da rana, kuma ita ce take kawo wannan shara. Sai wata yarinya da ke zama a bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, in dai ruwan zuwa yake yi yana komawa, me ya hana shi komawa da abin da ya kawo?"

Na ce mata aikin iska ne, amma tun kafin in rufe baki na ji amsar ba ta cika ba, domin iskar ma juyawa take yi, kuma yarinyar ta koma ta zauna ba tare da alamar gamsuwa a fuskarta ba. Tun ranar abin yake cina a rai, saboda a cikin ɗalibai sittin da ke ajin babu wanda ya taɓa ganin teku, ni ma malaminsu ban taɓa wuce Kano ba, don haka abin da na faɗa musu shi za su riƙe.

Ina roƙon waɗanda suka zauna a bakin teku, da waɗanda suka karanci harkar ruwa, su warware mini wannan ƙulli: mene ne aikin cikowar teku, mene ne aikin iska, kuma me ya sa aka ce gaɓar da ba ta da zurfi ta fi tara shara? Akwai kuma tambayar da wani yaro ya ƙara a kan ta farko, wato ko baƙar ledar da muke yarwa a Kasuwar Dole tana iya kai wa teku wata rana. Allah ya saka da alheri.

Alhaji Issufu, Zango

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Allah ya yi wa wannan yarinya albarka, ta yi tambaya ta masu hankali. Ni ban yi karatun wannan fanni ba, amma na yi shekaru goma sha ɗaya a Kwatano ina harkar fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, kuma abin da idona ya gani shi zan faɗa maka.

Kasuwar Dantokpa tana bakin wani mashigin ruwa ne da ya haɗa tabkin Nokuwe da teku. Idan mutum ya tsaya a kan gada da safe zai ga ruwan yana gangarawa teku ɗauke da leda da goruna da robobin abinci, idan kuma ya dawo bayan wasu sa'o'i, musamman da rani lokacin da ruwan tabkin ya yi ƙasa, sai ya tarar ruwan ya juyo yana shiga ciki, sharar nan tana biye da shi. Da farko na ɗauka idona ne yake yaudarata, domin mu a nan mun saba ƙorama hanya ɗaya take bi. Wani dattijo masunci da muke salla tare shi ya fahimtar da ni cewa su da wata suke aiki, kamar yadda mu ma muke lissafin kwanakinmu da shi. Ya ce a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu ruwa yana hawa fiye da kullum, yana kuma janyewa fiye da kullum, amma wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu sai ya yi sanyi, hawansa da saukarsa su ragu.

Da na fara lura, sai na ga sharar ba a warwatse take a kan yashi ba. Layi-layi take yi, kamar kunya a gona. Layin da ya fi nisa daga ruwa shi ya fi kauri, kuma shi ne ya fi bushewa, ledarsa ta koɗe, idan ka taka gora sai ta farfashe a ƙarƙashin takalminka kamar ɓawon ƙwai. Na taɓa durƙusawa na tona yashin wurin da hannuna, na tarar da murafen goruna da guntayen igiyar komar masunta a binne har zurfin kamu ɗaya.

Game da iska, a wannan gaɓa mafi yawan shekara daga teku take busowa, ta kudu maso yamma, kuma tana ƙara ƙarfi da rana. Hunturun da ke zama a kanmu wata da watanni, can kwanakinsa ba su da yawa. Raƙuman ruwan ma a karkace suke dukan gaɓa, shi ya sa komai gabas yake tafiya a hankali. Hujjar wannan a fili take: yashi ya taru a yammacin tashar jiragen, a gabashinta kuwa teku ta ci gidajen mutane. Abin da ya ɗauki yashi kuwa ba zai bar gora ba. Sharar ta fi muni bayan ruwan sama na farko mai ƙarfi, lokacin da magudanun gari suka amayar da abin da suka tara duk rani.

Malama Hadiza, daga Yamai

Sallama gare ku duka. Baba Alhaji, abin da ka gani da ido shi ne ainihin abin da muka karanta a aji, sai dai in ɗora dalilai a kansa. Malam Habu, ni ma ƴar Damagaram ce, aiki ne ya kawo ni Yamai, kuma na ji daɗi da ba ka ƙyale tambayar ɗalibarka ta wuce ba.

Gajeriyar amsar da za ka ba ta ita ce, ruwan yana komawa, amma ba ta hanyar da ya zo ba. Idan raƙumin ruwa ya taso daga wuri mai zurfi ya iso inda ƙasa ta matso kusa, gindinsa yana rage gudu, kansa kuma ya yi tsini ya kife gaba, sai ya tura duk abin da ke yawo a samansa zuwa kan yashi. Ruwan da ya hau gaɓa dole ya koma, amma yawancinsa ta ƙasa yake sulalewa, kusa da yashi, wani kuma ya nutse cikin yashin. Gorar da ke yawo a sama tana samun turin shigowa, ba ta samun jan komawa. Akwai wuraren da ruwan ke tattaruwa ya fita da ƙarfi ta wani siririn mashigi, kuma nan yakan fitar da shara, amma da zarar ƙarfinsa ya ƙare a bayan inda raƙuman ke fashewa, sai su sake kamo ta. Ko a cikin zurfin teku ma, abin da raƙumi ya ɗaga ba ya sauka daidai inda ya tashi, yana ɗan matsawa gaba kowane karo. Wani masanin lissafi mai suna George Stokes ya bayyana wannan tun 1847.

Ita kuwa cikowar teku, jan wata ne da na rana suke haddasa ta, kuma na wata ya fi ƙarfi saboda kusancinsa. Tsakanin cikowa da cikowa akwai kimanin sa'o'i 12 da minti 25, shi ya sa lokacinta yake jinkirtawa da kusan minti 50 kowace rana, kamar yadda fitowar wata take jinkirtawa. Idan rana da wata da duniya suka yi layi ɗaya, wato a tsayuwar wata da cikarsa, jansu yana haɗuwa, ruwa ya hau sosai. Daga nan kowace cikowa tana gazawa ta baya har mako guda, sannan ta fara ƙaruwa. A nan ne amsar take: abin da babbar cikowa ta ajiye a can sama, ruwa ba zai sake kai wa gare shi ba sai bayan kusan mako biyu, kuma kafin lokacin iska ta ƙara tura shi cikin ciyawa, ko yashi ya binne shi, ko ya sarƙe a saiwa. Layukan da Baba Alhaji ya gani, kowane ɗaya iyakar wata cikowa ce. Cikowa ita kaɗai ba ta kai abu nesa a buɗaɗɗiyar teku, kai-komo kawai take yi da shi. A bakin gaɓa ne take zama mai ɗagawa ta ajiye.

Maganar rashin zurfi lissafi ne da ɗalibanka za su iya yi a allo. A ce gaɓa shimfiɗaɗɗiya ce, tana hawa mita 1 a cikin kowane mita 300. Idan teku ta ciko da mita 1, bakin ruwa zai matsa mita 300 cikin ƙasa, kuma idan ya janye, wannan fili duka ya zama faifan da shara za ta zauna a kai. A gaɓar dutse mai miƙewa kuwa, ruwan hawa kawai zai yi ya sauka a jikin dutsen. Ƙari a kan haka, ruwa marar zurfi ba shi da ƙarfin ja, ga taɓo, ga itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu suke tsaye a waje kamar haƙoran mashaci, irin waɗanda suka cika yankin da kogin Kwara ya rarrabu kafin ya faɗa teku. Duk ledar da ta shiga tsakaninsu da wuya ta fita. Daga Kwatano zuwa Legas cikowar ba ta da girma, ba ta wuce mita ɗaya zuwa biyu, don haka raƙuman ruwa da iska sun fi ta aiki a can, amma a tsibiran Bijagos na Gini Bisau tana ninka haka, a mashigin Fandi na Kanada kuwa tana kai mita 16.

Iska ita ce take zaɓar gaɓar da za a kai kayan, kuma ba daidai take tura kowane abu ba. Ledoji da murafen goruna da jarkoki an yi su ne da nau'in robar da ruwan teku ya ɗan fi nauyi, don haka suna yawo, amma kusan a nutse, ruwa ne yake jansu. Gorar ruwan sha kuwa robarta ta fi ruwa nauyi, idan babu murfi cika take yi ta nutse, idan kuma a rufe take da iska a ciki sai ta zauna a saman ruwa, iska ta kaɗa ta kamar jirgi mai filafilai. An ga wannan a fili bayan ambaliyar teku da ta afka wa Japan a watan Maris na 2011: manyan robobin masunta masu yawo a saman ruwa su ne suka fara isa gaɓar Amurka ta Arewa, tun kafin shekara ta zagayo, abubuwan da suka fi nutsewa kuma suka biyo baya da jinkiri. Haka kuma a watan Mayu na 2021, da jirgin X-Press Pearl ya kama da wuta kusa da Kolombo a ƙasar Siri Lanka, lokacin iskar damina ce mai busowa daga teku, sai ƙananan ƙwayoyin robar da ya ɗauko suka taru a gaɓar yammacin ƙasar har ana kwasarsu da shebur.

Gaskiya ne iska tana juyawa, domin da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi sai iska ta buso daga teku, da dare kuma ta koma. Sai dai ta dare ba ta kai ta rana ƙarfi ba, kuma iskar da ke iya tura gora a kan ruwa ba lalle ta iya ciro ta daga cikin yashi ba. Kafin shara ta koma teku sai an yi dace babbar cikowa ta ɗaga ta a daidai lokacin da iska ke busawa daga tudu, kuma wannan dacen bai kai ɗayan yawa ba.

Laminu, Sabon Gari

Malam Habu, barka da ƙoƙari. Yaya Hadiza ta gama da tambayar farko, ni ta yaron nan ce ta taɓa ni, domin aikina duba lafiyar dabbobi ne kuma kullum ina cikin wannan leda.

A gaya masa gaskiya, ledar Kasuwar Dole ba ta zuwa teku. Damagaram tana cikin kwarin tabkin Chadi ne, wanda ba shi da mafita zuwa kowace teku, kuma ruwan samanmu ko Chadin ma ba ya kai wa, a tabkuna da kwarin Korama yake tsayawa, ya nutse ko rana ta shanye shi. Ta Yamai da ta Gaya ce take da hanya, tunda kogin Isa, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira Kwara, yana bi ta nan a tafiyarsa ta kusan kilomita 4,200 daga tsaunukan Gini zuwa teku, ko da yake madatsun Kainji da Jeba suna kan hanya, ga kuma ciyayi da tsibirai masu tarewa. Wani bincike na 2017 ya lissafa wannan kogi da kogin Nilu cikin koguna goma da suka fi kai roba teku, sauran takwas duk a Asiya suke, kuma maganar ta bazu sosai. Amma wani binciken na 2021 ya nuna nauyin ya rarrabu a kan koguna fiye da 1,000, kuma ƙananan da ke ratsa manyan biranen bakin teku, irin kogin Pasig na Manila, su suka fi yawan zubarwa. Ni na fi karkata ga na biyun, domin ya dace da abin da Alhaji ya gani a Dantokpa: sharar da ke kan gaɓa yawancinta ta garin da ke bayan gaɓar ce.

Abin da nake jin tsoro shi ne kada yaron ya ji haka ya ɗauka mun kuɓuta. Tamu tana nan tare da mu. A watan jiya an kawo mini wata tunkiya da ta rame duk da tana cin dusa, cikinta a kumbure, da na danna gefenta na ji abu mai tauri kamar ƙullin tsumma. Mai ita ya yanka ta, muka buɗe tumbin, muka ciro dunƙulen baƙar leda da igiyar buhu a murɗe, wanda da ƙyar hannu biyu suka riƙe shi. Matar gidan ta shekara tana kiwonta don Layya. Tun 2014 ƙasarmu take da dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita, amma har yau ko barkonon dala biyar ka saya a cikinta za a ƙulla maka, kuma wannan yana ɓata mini rai ƙwarai.

Shawarata, Malam, ka kai yaran bakin tabki. Ba mu da cikowar teku, amma muna da iska, muna da ruwa marar zurfi, muna kuma da ruwan da ke janyewa bayan damina ya bar layi.

Malam Habu, unguwar Birni, Damagaram

Alhaji, Malama Hadiza, ƙanena Laminu, Allah ya biya ku, ya ƙara ilimi. Na bi shawarar Laminu, ranar Asabar da safe na ɗauki ɗalibai goma sha biyu, da izinin iyayensu, muka je wani tabki a gefen gari wanda ruwan damina bai gama ƙafewa ba.

Iskar gabas ta fara kaɗawa, kuma tun kafin in yi magana yaran suka lura cewa gefen da iskar ke fitowa kusan tas yake, gefen yamma kuwa, inda ƙasa ta shimfiɗe ruwan bai wuce idon sawu ba, leda da goruna sun yi dam a cikin ciyawa. Mun je gefen gabas muka saki abu uku a lokaci ɗaya: gora rufaffiya babu komai a ciki, gora rufaffiya da ruwa ya kusa cika ta, da baƙar leda da muka jiƙa. Ta farko ta tsallake tabkin kafin mu zagaya mu tarye ta. Ta biyu tana tsakiya lokacin da muka iso, sai kanta kawai ake hangowa. Ledar kuwa ba ta yi taku goma daga inda muka sake ta ba, har wani yaro ya koma ya ciro ta da sanda.

Yarinyar da ta yi tambayar ita ce ta gano layukan. Ta hau sama daga bakin ruwa tana ƙirgawa, ta sami huɗu, na can sama ledarsa ta yi fari tana marmashewa a hannu, ta ce nan ruwan ya tsaya a watan Agusta. Na gaya mata abin da ke ɗaukar tabkinmu wata uku, teku tana yin irinsa cikin mako guda, sannan ta dawo. Ta tambaye ni ko idan damina ta zo, iska ta juyo daga yamma, tarin zai koma gefen gabas, ko kuwa ciyawa da taɓo sun riga sun riƙe shi. Mun kafa turaku uku a kan layin sama, mun rubuta kwanan wata a littafinta, mun kuma kwashe buhu biyu na abin da ke tsakanin turaku na farko da na biyu, muka bar tsakanin na biyu da na uku yadda yake, domin mu kwatanta su idan Allah ya kai mu ruwan farko.